Baba ya daina fita majalisa: tsufa ne ko ciwo?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Mahaifina yana da shekara 72, tsohon hedimasta ne, yana zaune a gidansa a Zariya. Wata goma ke nan da rasuwar Innarmu, bayan sun yi fiye da shekara 40 tare. Da farko ya yi dauriya har ana yabonsa, shi ke ba mu haƙuri. Amma tun bayan Babbar Salla sai ya sauya. Ya daina zama a majalisar ƙofar gida bayan la'asar, rediyon da ba ya rabuwa da shi ya yi ƙura, a kai masa abinci a dawo da shi yadda aka kai. Ƙarfe uku na dare yake farkawa ya zauna bakin gado har asuba. Yana yawan mantuwa, da bakinsa ya ce lissafin raka'a yana rikice masa. Ya rarraba manyan rigunansa, kuma kwanan nan ya ce da ni, "Ni yanzu nauyi ne kawai a kanku." Yana da hawan jini da ciwon suga. Bara da ya faɗi a kan babur, yayyena suka karɓe makullin, suka sayar da tumakin da yake kiwo, suka ba da gonarsa haya, wai ya huta. Yanzu babban yayanmu yana so ya ɗauke shi zuwa Abuja, Baffa ya ce aure za a yi masa, Gwaggo ta ce sammu ne, ƙaninmu kuma yana sayo masa maganin barci a kemis. Ni mace ce, ina aure a Kano, ba a cika sauraren maganata ba. Gigin tsufa ne ya kama shi? Me zan yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai haske kabarinta, Ya ba Baba lafiya.

Zan fara da abin da kika ajiye a tsakiyar wasiƙarki kamar ba shi ne babba ba. Dattijon da ya rarraba rigunansa, ya kuma buɗe baki ya ce da 'yarsa shi nauyi ne, ba a barinsa sai an gama taron dangi. A cikin makon nan ki yi magana da maigidanki, ki je Zariya ki kwana biyu. Ki samu Baba ku kaɗai, ba a gaban jikoki ba, ki tambaye shi cikin ladabi amma ba kwana-kwana: "Baba, maganar da ka yi min ta tsaya min a rai. Har kana jin gara a ce ba ka raye? Ka taɓa tunanin yi wa kanka wani abu?" Na san bakinki zai yi nauyi. A wurinmu ana ganin wannan tambaya ta fi ƙarfin ɗa, kuma za a ce Musulmi mai furfura da ya san hukunci ba zai kawo wannan a ransa ba. Sanin hukuncin yana kare mutane da yawa, gaskiya ne, amma ciwo idan ya yi nisa yana rufe wa mutum ido daga abin da ya sani, kuma a ƙasashe da dama maza masu manyan shekaru suna cikin waɗanda suka fi faɗawa wannan halaka ta kashe kai. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi. Wanda kuwa yake ɗauke da shi a ɓoye, sauƙi yake ji idan aka samu mai tambaya. In ya ce a'a, Alhamdu lillahi. In ya amsa da eh, ko ya yi shiru mai tsawo ya kau da kai, to kada a ƙara barinsa shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona da duk tarin ƙwayoyin da ke ɗakinsa, a kai shi asibiti a ranar.

Sai tambayarki. Hukunci na likitan da ya duba shi ne, amma abin da kika zayyana ya fi kama da ciwon tsananin damuwa fiye da gigin tsufa, kuma wannan ciwo yana da magani ko mutum ya kai shekara 90. Baƙin cikin rashi kowa yana yinsa, sai dai shi yana zuwa yana tafiya. Mutum ya tuna mamaci ya yi hawaye, an jima jika ya yi wani shirme ya yi dariya, ya ci tuwonsa. Hankalinsa yana kan wanda ya rasa. Idan ya rikiɗe ya zama ciwo, sai a wayi gari babu sauran abin da ke yi wa mutum daɗi, kullum, kusan duk yini, fiye da mako biyu a jere. Abinci ya fita ransa, barci ya riƙa yankewa tun kafin asuba, sannan ya juya kan kansa yana ganin ba shi da amfani. Baba ya haɗa su duka, har da rediyon da ya yi ƙura.

Mantuwar ma ba ta rushe wannan zato ba. Mai tsananin damuwa hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, abin da bai shiga kai da kyau ba kuwa ba a tuna shi. Kuma ki lura, shi Baba da kansa yake ƙorafin raka'a tana kuɓuce masa. Mai gigin tsufa, wato ciwon mantuwa na gaske, sau da yawa bai san yana mantuwar ba, 'yan gida ne suke gani: ya yi tambaya ɗaya sau biyar a zama ɗaya, ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara 30 yana bi, ya kira jika da sunan ƙaninsa da ya rasu tuntuni. Kuma abin yana rarrafowa ne cikin shekaru, ba a iya nuna wata a ce daga nan ya fara, kamar yadda kika nuna Babbar Salla. Duk da haka biyun suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, wani lokaci ma damuwar da ta fara a tsufa ita ce ke share wa ciwon mantuwa hanya. Shi ya sa ake fara maganin damuwar, bayan wasu watanni a sake gwada ƙwaƙwalwar a ga abin da ya rage. Akwai na uku da ya kamata kowane gida mai tsoho ya sani: idan cikin yini ɗaya ko biyu ya ruɗe, ya kasa gane mutane, yana ganin abin da babu, yawanci wata cuta ce a jiki, kamar zazzaɓi, ciwon mafitsara, ciwon huhu ko suga da ya faɗi ƙasa. Wannan na gaggawa ne, ba a kwana da shi a gida.

Za a ce miki ciwon Turawa ne, mu da muke da zumunci ba ya kama mu. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun bi tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarabawa, suka fitar da sakamakon a 2007: kusan ɗaya cikin huɗu ya taɓa fama da wannan ciwo a rayuwarsa, kusan 7 cikin 100 kuma a cikin shekarar da ta gabaci binciken. A nan Najeriya ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna ɗauke da wata lalurar ƙwaƙwalwa, mafi yawa damuwa da fargaba. Abin da ya bambanta mu da wasu shi ne mu muna lulluɓe shi da "tsufa ne" mu tafi harkarmu.

Kada ki ce da shi za ku je wurin likitan ƙwaƙwalwa tun a karon farko, zai ji kamar an ce ya haukace, daga nan kuma kin rasa shi. Ku fara da inda yake zuwa awon hawan jini da suga. Amma ki shiga ɗakin likitan tare da shi, domin in aka bar Baba shi kaɗai ga abin da zai ce: "Jikin ne dai babu ƙarfi, sai kaina da ke ɗaukar zafi." Tsofaffinmu da jiki suke ba da labarin zuciya, sai a yi ta rubuta musu maganin maleriya da taifot ana maimaitawa wata da watanni. Ki rubuta a takarda tun daga gida: yaushe ya fara, ƙarfe nawa yake farkawa, yaya cin abincinsa, ko wandonsa ya yi masa yawa, da ainihin kalmomin da ya faɗa miki. Ki zuba duk maganin da ke ɗakinsa a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ki juye a kan teburin likita. Akwai dalili. Tsohon maganin hawan jinin nan metildofa, wanda aka fi sani da Aldomet, an san yana iya jawo damuwa ga wasu. Metfomin da masu ciwon suga suke sha, in aka daɗe a kansa yana rage sinadarin B12 a jiki, ƙarancinsa kuma yana kawo kasala da mantuwa da jin ƙafafu kamar ana tsira allura. Kada ku tsayar da ko ɗaya da kanku, likita ne zai duba ya sauya in akwai buƙata. Ki roƙi a auna yawan jininsa, da ƙoda, da aikin tayirod da ke maƙogwaro.

A duba kunnensa da idonsa. Mutane suna raina wannan. Dattijon da jinsa ya ragu yakan gaji da cewa "Na'am? Me ka ce?" a gaban sa'o'insa, a yi raha kowa ya yi dariya shi bai ji abin da aka faɗa ba, sai ya gwammace ya zauna a ɗaki. Mai yanar ido kuma ya daina karatun Alƙur'ani da jarida bai gaya wa kowa dalili ba, alhali cire yanar ɗan gajeren aiki ne.

Idan likitan ya ce a je gaba, ba ku da nisa da taimako. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga asibitin gwamnatin tarayya na Barnawa a Kaduna, a wajenki kuma ga Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau. Mafi yawan masu zuwa wuraren nan ana duba su ne su koma gida a ranar. Tun watan Janairun 2023 ma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, sabuwar kuma ta tanadi haƙƙin mara lafiya da mutuncinsa. Ki gaya wa yayyenki wannan in suka ce ba za a kai mahaifinsu inda ake ɗaure mutane ba.

Maganin damuwa ba ya aiki kamar fanadol. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin alama, shida zuwa takwas kafin a ce ya karɓa ko bai karɓa ba, kuma ga tsoho da kaɗan ake farawa ana ƙarawa. A nan yawancin gidaje suke faɗuwa: a sha kwana goma a ce bai yi ba a watsar, ko a ga sauƙi a ce an warke a daina. Bayan ya ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, ga masu shekarunsa sau da yawa fiye da haka. Ƙarfin jiki yakan riga farin ciki dawowa, mai tunanin yi wa kansa wani abu yana iya samun ƙarfin aikatawa, saboda haka makonnin farko su ne lokacin da za ku fi sa masa ido. In an rubuta amitiriftilin, wanda yake da araha kuma ya yaɗu a asibitocinmu, ki gaya wa likita idan Baba yana da wahalar fitsari ko yana jin jiri, domin yana iya tsananta su ga tsofaffin maza, kuma akwai wasu irinsu satralin da jikin tsoho ya fi ɗauka. Ƙwayar da ƙaninku yake sayowa kuwa, in Valium ce ko Lexotan ko danginsu, tana ƙara mantuwa, tana sa tsoho ya tashi da dare zai kama ruwa ya yanke jiki ya faɗi, karayar ƙugu a shekara 72 kuma ta kwantar da mutane da yawa kwanciyar da ba su tashi ba. In ya yi makonni yana sha, ba a yanke ta rana ɗaya, likita ne zai janye ta sannu a hankali.

Yanzu ga abin da babu likitan da zai iya rubutawa a takarda, kuma a ganina rabin ciwon a nan yake. Ki ƙirga abin da Baba ya rasa. Ritaya ta karɓe makaranta daga hannun mutumin da ɗaruruwan yara da malamai suke jiran ya buɗe baki kowace safiya. Mutuwa ta karɓe Inna. Sannan ku, da kyakkyawar niyya, kuka karɓe babur da tumaki da gona. To don me zai tashi da safe? Wa ke jiransa? Kiwon tumakin nan da kuke gani wahala ce, ki tuna yadda yake cika masa yini. Daga masallacin asuba ya leƙa garke, ya dama dusa da ɗan kanwa, ya zuba harawa, ya duba wadda ta kusa haihuwa, ya tsaya ciniki da mai kawo ƙaiƙayi, ya yi faɗa da yaron da ya bar ƙofa a buɗe. Da la'asar yana da labarin da zai kai majalisa. Kin ce ya sauya bayan Babbar Salla. Ina zaton ita ce Sallar farko da babu Inna a bakin murhu tana suya, babu kuma ragon da ya kiwata da hannunsa, sai wanda aka turo kuɗi aka saya masa. Da ya ce shi nauyi ne, abin da idonsa ya gani a gidan ya faɗa: kowa yana ba shi, babu mai neman komai a wurinsa.

Saboda haka ku fara mayar masa da abin da za a iya mayarwa. Kada ki tambaye shi ko yana so, mai wannan ciwo a'a ce amsarsa ga komai. Sha'awa ba ta riga aiki dawowa, sai an fara motsawa take biyo baya. Ki sayi tumaki biyu da kuɗinki, naki na gaske, ki kai su gidan ki ce, "Baba, ba ni da wurin ajiye su a Kano, kuma babu wanda na yarda da kiwonsa sai kai." A samu yaron da zai ɗauki aikin ƙarfi, shi kuma ya ba da umarni. Babur kam yayyenki suna da hujja, mai suga da hawan jini da ya taɓa faɗuwa ba a mayar masa da makulli da garaje. Amma wanda ya karɓe wa mutum ƙafa sai ya ba shi wata: a yi yarjejeniya da amintaccen mai adaidaita sahu da za a riƙa biya duk wata, lambarsa a wayar Baba, ya kira shi lokacin da ya ga dama ba sai ya nemi izinin kowa ba. Kuɗin hayar gona ya shiga hannunsa, in wa'adin ya ƙare shi zai ce a sabunta ko a bar masa wani yanki. Kuɗin cefanen da kuke turawa ya daina zagaye shi, ya bi ta aljihunsa, shi ya miƙa da safe kamar yadda ya saba. Kuma mutum ne da ya ƙare rayuwarsa da alli a hannu. A unguwar nan akwai yara 'yan aji shida da lissafi ya gagara. Uwa ɗaya ta turo ɗanta da littafi ta ce a roƙi Malam ya duba masa, ya isa a fara.

Majalisa kuma, in ya ƙi fita, ita ta shigo. Ki je da kanki ki gaida amininsa mafi kusa, ki gaya masa gaskiyar halin da ake ciki, ki roƙe shi ya riƙa zuwa zaure bayan la'asar ko da Baba ba zai ce uffan ba, ya kunna rediyon su ji labarai tare. Bayan kwanaki ya ce, "Malam, taso ka raka ni masallaci." Tafiyar nan ta 'yan mintuna a cikin rana da iska tana gyara barci da cin abinci fiye da yadda ake zato. A Zimbabuwe wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, tun 2006 ya fara horar da kakanni mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu muna da bencin da tsofaffin tun kaka da kakanni, mun dai daina ɗaukarsu a bakin komai.

Akwai kuma maganar Inna, wadda nake zaton kun daina ambata a gabansa don kada ku tayar masa da hankali. Mace in mijinta ya rasu tana da takaba, wata huɗu da kwana goma mata suna shiga suna fita, ana zama da ita, ta yi kuka a ba ta baki. Namiji kwana uku ake zaman makoki, a watse, a ce masa sai haƙuri. Kin ce shi ya riƙa ba ku haƙuri har ana yabonsa. Shi wa ya ba shi? Ki buɗe masa ƙofar. Ki tambaye shi yadda aka yi ya fara ganin Inna, ko nawa ya biya sadaki, ko wane gari aka fara tura shi koyarwa suka tafi tare. In hawaye ya zo, ki riƙe bakinki daga "Baba ka yi tawakkali." Ya fi ki sanin tawakkali. Annabi Yaƙubu, Alaihis Salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, ba a ce imaninsa ya ragu ba. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, kuma shekarar da ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib har yau da shekarar baƙin ciki aka san ta. Ki kuma bincika wa yake dafa masa abinci yanzu, da wa yake ci. Mutumin da aka yi shekara 40 ana dama masa koko yadda yake so, ana zama kusa da shi har ya gama, yanzu a turo yaro ya dire kwano a bakin ƙofa ya juya, ba mamaki kwanon ya dawo a rufe. A sa jika ɗaya ya riƙa wanke hannu suna ci tare.

Abuja, a'a, ba yanzu ba. Yayanku zai ba shi ɗaki mai sanyi da talabijin, amma ƙarfe bakwai na safe kowa ya fice, a bar shi da maigadi a bayan get. A Zariya in ya taka zuwa bakin titi sai wani mai furfura ya durƙusa ya ce, "Malam, kai ka koyar da ni." A can babu wanda ya san ya taɓa zama wani. Sauya wa mai mantuwa muhalli kuma yana ƙara rikita shi. Ziyarar mako biyu in ya ji sauƙi, babu laifi. In matsalar ita ce babu mai kwana da shi, wani ya koma wurinsa.

Maganar Baffa ba abin dariya ba ce, dattawa da yawa aure ya raya su bayan rashi. Amma mutumin da ba ya iya zaɓar abin da zai ci ba a sa shi zaɓar mata, kuma zalunci ne a kawo 'yar mutane da sunan amarya alhali jinya aka ɗauko ta yi, balle a ce ƙaramar yarinya. A bari ya warware. In shi da bakinsa ya nuna yana so, a nemi dattijuwar da hankalinsu zai zo ɗaya.

Gwaggo kuma kada ki yi jayayya da ita, ba za ki ci riba ba, kuma ƙaunar ɗan'uwanta ce ta sa ta. Ki ce mata a haɗa biyu, addu'a da asibiti, tunda an umarce mu da neman magani. A yi masa tofi, a yi sauka, a tuna masa addu'ar neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da ya sani tun kafin a haife ki. Iyakar da za ki tsaya a kai ita ce: ba a ba mai ciwon suga da hawan jini jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ƙodarsa ba za ta ɗauka ba, ba a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki, ba a ajiye maganin asibiti don wani ya ce yana karya laƙani, kuma duk wanda ya fara kiran sunan maƙwabci ko ɗan'uwa a matsayin wanda ya yi sammun, a sallame shi.

Saura yadda za a ji maganarki. Kada ki kai ta zauren WhatsApp na gida, a can kowa kare matsayinsa yake yi. Kada kuma ki ce da yayyenki su suka jawo, ko da akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin tsoron rasa shi ne ya sa suka yi abin da suka yi. Ki kira babban yayanku shi kaɗai ki ce, "Yaya, kafin a ɗauke Baba ina roƙon a ba ni wata uku. A kai shi likita, a gwada waɗansu abubuwa a gida. In babu canji, abin da ka ce shi za a yi." Ki ba shi aikin da zai ji da shi ake yi, kamar kuɗin asibiti da na mai adaidaita. In ya ƙi, ki bi ta wanda ba ya iya yi wa musu, limamin unguwa ko aminin Baba, ko ki sa likitan ya yi masa bayani ta waya. Ku raba kwanakin mako, kowa da ranar da zai kira, a kan lokaci ɗaya, kuma kiran ya wuce "Ya jiki? Ka sha magani?" Ku kawo masa matsalolinku na gaske, rigimar wurin aiki, makarantar da za a sa yaro, ku nemi shawararsa. Zumunci dai a ƙafa yake, Kano da Zariya ba nisa, ki sa wa kanki ranar zuwa ko sau biyu a wata. Ke ma uwa kika rasa wata goma da suka wuce, saboda haka kada ki ɗauki jinyar nan ke kaɗai, in kin ji naki barcin ya fara yankewa ki faɗa wa likitan.

Ki ajiye ƙaramin littafi a ɗakin, wanda ke kwana da shi ya riƙa rubuta abu uku kullum: ƙarfe nawa ya farka, me ya ci, ya fita ko bai fita ba. Ku da kuke ganinsa yau da gobe ba za ku lura da ƙaramin sauƙi ba sai a rubuce, kuma da shi likita zai san ko a ƙara magani ko a sauya. In an yi wata biyu ana sha yadda aka ce babu motsi, ku koma, akwai wani maganin bayan na farko. In kuwa cin abinci da barci sun dawo amma mantuwar tana nan ko tana ƙaruwa, ki nemi a yi masa cikakken gwajin ƙwaƙwalwa a Shika, ki sake rubuto min mu yi maganar yadda ake tsara gida ga mai wannan lalura.